Mai Masaukin Baƙin Kurmi

Ku jawo bencin nan inuwa, ku kife wayoyin nan tukuna. Na ji abin da kuke faɗa a shagon caji, wai aikin Baba Ayuba ba aiki ba ne, yawo ne da madubi a wuya, a nuna wa mutum tsuntsu a kan itace a ce an yi sana'a. Har wani cikinku ya ce yanzu waya tana sauraron kukan tsuntsu ta faɗi sunansa, saboda haka tawa ta ƙare. To, madalla. Waya ta san sunan tsuntsu, ban musa ba, amma ba ta san inda ya kwana ba. Ni aikina in kai masu kallon tsuntsaye inda tsuntsu yake, kuma ina yin sa tun iyayen wasunku suna firamare. Duk abin da na ci a sana'ar nan, daga kurmin bayan garin nan na ci shi, wannan da rafi ya ratsa.

Ranar da na fara, ba aiki na fita nema ba. Ina saurayi, ina leburanci a reluwe a Kafanchan, muna gyaran layi, danƙona a aljihu. Maharbi ne ni a lokacin, kuma ba na kuskure. Na hango wani ɗan tsuntsu a kan wayar sigina, na ɗana dutse, sai na ji an damƙe mini hannu ta baya. Oga Emeka ne, mai kula da sigina. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu.

"Ayuba," in ji shi, "wannan daga Turai ya zo, ko hutawa bai yi ba. Haka kuke tarbar baƙo a garinku?"

Na ce, "Haba Oga, wannan abin da bai cika loma ba?"

Ya cire madubin hangen nesa daga wuyansa ya rataya mini, ya juya mini kai da hannu biyu. Sai ga tsuntsun ya cika mini ido, da farar gira, da ƙirji ruwan goro, har numfashinsa ina gani. Na daɗe ina cin tsuntsu, amma ranar na fara ganinsa.

Oga Emeka mutumin tasha ne, don haka yadda ake raba mutane a tasha haka ya raba mini tsuntsaye. Akwai 'yan gida, su kurciya, su kanari, su cilakowa, kullum suna nan. Akwai fasinja, waɗanda za su sauka su ci su sha su wuce kudu. Sannan akwai baƙi, su ne masu sauka idan ruwa ya ɗauke, su zauna da mu har wajen Ista, su koma Turai su yi ƙwai. Kowa a ƙasar nan ya san shamuwa, in ta zo damina ta zo. Amma ƙananan nan masu zuwa da rani ba wanda ya kula da su, don ba su da girma, ba su da ado, kuma cikin dare suke tafiya. Ka kwanta gonarka ba kowa, ka tashi ka tarar da su a kan karan dawa. Tun daga bakin Oga Emeka sunansu a wurina baƙi, ban taɓa kiransu da wani suna ba.

Rani guda cur na yi ina bin sa ran Asabar bai ƙara bari na taɓa madubin ba. Sai ya zaunar da ni, in juya wa daji baya, ya ce in faɗa masa wa ke magana. In na yi kuskure ya ce, "Kunnenka na ado ne?" In na nuna tsuntsu da yatsa ya buge hannun. In na sa farar riga ya mayar da ni gida daga bakin hanya, ko da mun yi nisa. Mutumin nan ya wahalar da ni, Allah ya ji ƙansa, kuma ko ɗaya daga cikin wahalar ba ta tafi a banza ba. Da ya yi ritaya ya raunana, shi ya riƙa turo mini mutanen da suke zuwa nemansa, daga Jos, daga Zariya, daga Legas, har da Turawan mishan da na ofisoshin jakadanci. Ran da ya ba ni madubin, cewa ya yi kawai kada in goge shi da riga.

Shi ne wannan da kuke gani. Igiyarsa ta tsinke tuntuni, madaurin jakar makaranta na ɗinka masa. Da damina a babban gwangwanin madara yake kwana, cikin busasshiyar shinkafa, in ba haka ba fumfuna ta ci gilashin. Sauran kayan aikin ba su da yawa: takalmin ruwa saboda kububuwa, riga ruwan ƙasa, gorar ruwa, da littafin hotunan tsuntsaye wanda bangonsa ya riga Oga Emeka tafiya. Abin da ba na ɗauka shi ne sifika. Wani Alhaji ya taɓa zuwa daga Abuja da kyamara doguwa kamar taɓarya, da turare mai tashin kai, ya fito da sifika zai kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa don ya fito. Na ce ranka ya daɗe, tsuntsun nan hamada ya ƙetaro, ba zai ƙarar da ɗan ƙarfinsa wajen faɗa da batir ba. Ya yi fushi, ya ce shi ya biya. Na ce mota tana can bakin hanya. Ya mayar da sifikar jaka, kuma ya samu hotonsa kafin rana ta yi zafi.

Wata Baturiya ce ta koya mini inda wuyar aikin take. Tsohuwa ce, ta zo takanas don tsuntsu ɗaya, wanda suke ce wa natingel, ni kuwa jan-wutsiya nake ce masa. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ruwan ƙasa ne, ya ɗan fi gwara, kuma ƙasa-ƙasa yake zama cikin sarƙaƙiya, inda ganye ya ruɓe. Murya ce dukiyarsa. Na gan shi tun muna isa, ga shi nan ƙiri-ƙiri a wurina, amma matar nan ta kasa. "Ina? Ina?" Ni kuma ina ta cewa ga shi can, ga shi can, har ya gaji da mu ya shige. Haka muka yi ta yi har hantsi. Daga baya na gane "ga shi can" ba kwatance ba ne. Na tsaya bayanta, na ce ta ajiye madubi, ta nemi gindin malmo da idonta, ta sauko har inda saiwa ta shiga ruwa, ta bi busasshen reshen da ya kwanta dama, ta tsaya inda ya ƙare. Kada ta ɗauke ido, madubin ne zai zo wurin ido, ba ido zai je wurin madubi ba. Da ta gan shi sai ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen ganye tana hawaye. Wai irinsa ne ke kuka bayan gidan da ta girma, kuma yanzu can sun yi ƙaranci. Ganin tsuntsu kowa ma ya iya in ya daɗe a daji. Sa wani ya gani, wannan shi ne ake biya.

Wata shekara ɗalibai suka zo daga Jos da malamarsu, Malama Rifkatu, da raga mai laushi. Suka kama jan-wutsiyan gindin malmo, suka auna shi, suka sa masa ɗan zobe a ƙafa suka sake shi. Da ruwa ya sake ɗaukewa, wa zan gani a sarƙaƙiyar nan? Shi, da zobensa. Ba kurmin kawai ya dawo ba, kan wannan reshen ya dawo. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar. Tsuntsun nan ba shi da wani masauki a duk ƙasar nan sai wurin. In ka ƙone sarƙaƙiyar, ya ƙetaro hamada ne ya zo ya tarar da toka.

Sai shekarar da hanya ta lalace. Wasunku sun isa tunawa. Ana shiga ƙauyuka ana kashe mutane, yau can, gobe nan, ba wanda ke barci da ido biyu a rufe. Masu kallon tsuntsu suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Wa zai zo da kyamara inda ake gudu da tabarma? Na koma yankan citta a gonakin mutane ana biyana, ni da Turawa ke jira a bakin mota. Amma kurmi ban fasa shiga ba, don tsuntsaye ba su ji labarin ba, lokacinsu na yi suka zo. Mutum ɗaya ce ba ta manta da ni ba, Malama Rifkatu. Duk ƙarshen damina sai ta kira ta ji ko sun iso.

Ranar an fara tonon citta, ina mahaɗa wajen rumfar Mama Talatu mai ƙosai, don nan kaɗai netwok ke kamawa a garin nan, kun sani. Waya ta yi ƙara, Malama ce. Layin yana yankewa, dole in ɗaga murya. Na ce, "Malama, baƙi sun iso! E, suna kurmi! Ta arewa suka shigo, cikin dare! Sun fi na bara yawa! Sun rame, yunwa suke ji, amma da asuba suna fitowa bakin rafi. Kada ki damu, ni nake lura da su!"

Na kashe waya, na juya in sayi ƙosai, na tarar mai yana ƙonewa a kasko, ba Mama Talatu, ba dalilinta. Na ce ko ta zaga ne. Na kwashe mata ƙosan don kada ya ƙone, na koma gona abina.

Kafin rana ta karkata an buga ƙararrawar majami'a, ba ranar sujada ba. Mata sun ɗaure kaya a ka, wasu har sun kama hanyar Zonkwa, wasu Fadan Kaje wurin dangi. Ina tsugune ina yanka citta sai ga mashina sun kewaye ni. Irimiya ne a gaba, yut lida, shugaban matasa na lokacin. Ya fizge madubin daga wuyana har madaurin ya ƙuje mini fata. Aka tasa ni gaba zuwa gidan Dagaci, yara suna bi, wata tana ihu wai dama ta san madubin nan ba na Allah ba ne, da shi nake ƙirga musu gidaje.

Dagaci ya tsufa ƙwarai a lokacin, yanar ido ta rufe masa gani. Ya ce in yi magana. Na ce, "Baba, tsuntsaye ne." Wasu suka yi dariya, dariyar da ba daɗi.

"Ƙarya ne!" in ji Irimiya. "Mama Talatu ya ji ka da kunnen shi. Ka ce ta arewa suka shigo cikin dare."

Na ce, "Ta arewa suka shigo cikin dare. Ta ina kake so su shigo, ta Legas?"

Aka kira Malama Rifkatu aka sa wayar a fili kowa ya ji. Matar nan ta yi bayani har muryarta ta dushe. Jikin mutane ya yi sanyi, wasu suka fara zamewa cikin kunya, aka tura mashin ya dawo da waɗanda suka kama hanya. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

Irimiya ya ce ya ji, tsuntsu ne. Amma yau tsuntsu ne, gobe fa? Kurmin nan duhu ne, mutum ɗari za su kwanta ciki ba a sani ba, ga shi ta gefensa mata ke bi zuwa rafi. Ciyawa ta bushe, fetur yana nan a jarka, a cinna masa wuta kowa ya huta. Matasa suka ɗauka da ihu. Ba zan zage shi ba, ko yau. A damina ta shekarar aka kashe yayarsa Saratu a ƙauyen mijinta, kuma daga irin wannan duhuwa aka fito musu. Amma ni tsoro ya kama ni fiye da lokacin da ake ce mini ɗan leƙen asiri. Sunan mutum na iya wankuwa, kurmi kuwa in ya ci wuta ni dai ba zan ga dawowarsa ba.

Dagaci ya ɗaga sanda aka yi tsit. Ya ce, "Ayuba, gobe da sassafe ka kai ni in gaisa da baƙin nan naka. Wuta ta jira."

Ban taɓa samun kwastoma irin na washegari ba. Tsoho makaho a bayan mashin, da matasa sun fi a ƙirga, da adduna, da bindigogin toka, da jarka biyu. Tsuntsun da ke gudun farar riga, shi zan nuna wa rundunar yaƙi. A bakin kurmi na tsaya na ce daga nan ni ne oga. Kowa ya kashe waya. Taron ya tsaya nan, Dagaci da Irimiya kaɗai za su bi ni. Irimiya jar rigar ƙwallo ce a jikinsa, na cire tawa na ce ya ɗora. Ya harare ni, ya ɗora. Madubina yana wuyansa, bai mayar mini ba. Na kama hannun Dagaci muka shiga a hankali, ina gaya masa inda saiwa take, har na zaunar da shi a kan dutse daura da malmo.

Shiru. Kurciya ta yi, ragon maza ya yi, jan-wutsiya ko tari. Ya ji shigowarmu ya laɓe. Rana ta fara taɓa kan itatuwa, Irimiya ya fito da ashana yana kaɗa kwalin a hannu, caka-caka, caka-caka. Na dafa masa hannu ya daina. Akwai wani ɗan fito da Oga Emeka ya koya mini, siriri, mai hawa sama, irin wanda tsuntsun ke yi in yana tambayar wa ke nan. Ya ce kada in yi shi sai ta ɓaci, kuma sau ɗaya. Na jiƙa leɓe na yi.

Daga can ƙasan sarƙaƙiya aka amsa da gurnani, ƙurrr. Sai ganye ya motsa. Sai ya buɗe murya. Ku da ba ku taɓa ji ba, ba zan iya kwatanta muku ba. Yana farawa a hankali kamar mai kuka, ya ja, ya ja, sai ya ɓarke da sauri har ka rasa ta ina ƙaramin abu ke fitar da wannan ƙara. Na raɗa wa Irimiya gindin malmo, saiwa, busasshen reshe, inda ya ƙare. Ya ɗaga madubin. Na ga kafaɗarsa ta sauka.

"Da zobe a ƙafan shi," in ji shi.

Na karɓi madubin zan sa wa Dagaci, ya ture hannuna. "Me zan yi da shi? Ko fuskar matata ba na gani." Ya karkata kai yana saurare, bakinsa yana motsi. Can ya ce, "Ayuba, wannan ne baƙon?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Kai ne baƙo. Wannan ya riga majami'a zuwa garin nan. Lokacin da aka kawo mu kurmin nan muna yara, zamanin bautar dodo, kafin a yi mini baftisma, shi ke tashin mu da safe. Abin da manya suka ce mana game da shi ba zan faɗa ba, ni dattijon ikilisiya ne yanzu. Ban san yana nan ba har yau. Ban san tafiya yake yi ba."

Muka fito. Irimiya bai ɓoye ba, ya ce wa taron ya gani da idonsa. Amma ya juya ga Dagaci ya ce, "Baba, na ga tsuntsu. Tsuntsu ba zai hana mutum ɓuya a nan ba. In aka fito daga kurmin nan aka taɓa uwar wani, a kan wa?"

Tambaya ce ta gaskiya. Dagaci ya ce a garin nan, tun kakanni, ba a rushe ɗaki da baƙo a ciki. Amma kuma baƙo ba ya zama ba mai masauki, kuma duk abin da ya fito daga ɗakin baƙo, mai masauki ake tambaya. "Ayuba, da bakinka ka ce kai kake lura da su, duk gari ya ji. To, kai ne mai masaukin kurmin nan. Kullum da sassafe, kafin mace ta ɗauki bokiti, kai za ka fara shiga. Ka ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, ka fito ka ce a wuce. Rani da damina, da baƙi da ba baƙi. Ran da ka daina shiga, Irimiya, ashanarka ta halatta. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka.

Safiyar farko da tsoro na shiga, ba zan ɓoye muku ba, don ban san waɗanne baƙin zan tarar ba. Na ratsa, na fito, na tarar da mata a jere da bokitai, Mama Talatu a gaba ta kasa haɗa ido da ni. Na ce su wuce. Tun daga ranar ban fasa ba, ko ran Kirsimeti, ko ran da zazzaɓi ya kama ni. Sau biyu na ga sawun takalmin da ba na garin nan ba, na dawo na faɗa, ba wadda ta je rafi sai da aka bincika. Dagaci ya rasu, wanda ya gaje shi ya ce maganar tana nan yadda take. Hanya ta ɗan gyaru, masu kyamara sun fara dawowa jefi-jefi. Mai zoben ya daina zuwa tuntuni, tsuntsu ba ya daɗewa a duniya, amma wani ya karɓi reshen, kuma makon jiya na ji shi. A duk yankin nan ku nuna mini kurmin da ya rage a tsaye in ba wannan ba. Ni na tsayar da shi, da ƙafata, kuma ina alfahari da haka.

Gwiwata ta hagu ta fara ƙin hawan dutsen bakin rafi. Shekaranjiya da rarrafe na haye shi, mata suna can suna jira. Ban gaya wa Dagaci ba tukuna. Ku na fara gaya wa.